Jagorar Daidaita Sinadaran Yunwa Domin Gyara Barci, Cin Abinci, Ƙwaƙwalwa da Yanayin Rai

Masu karatu sun sha turo tambaya guda cikin kalamai mabambanta. Wani ya ce yakan ci abincin dare ya ƙoshi, amma can wajen ƙarfe biyu yunwa ta tashe shi. Wata ta ce duk ranar da barci bai ishe ta ba, bakinta ba ya hutawa da kayan zaƙi har yamma. Ɗalibai suna son sanin ko karatu ya fi zama a kai da yunwa ko bayan an ci, wasu kuma suna kukan cewa da zarar lokacin cin abincinsu ya wuce, kowa sai ya ɗanɗana fushinsu. Duk waɗannan koke-koke suna komawa ga wasu 'yan sinadarai da jiki ke sarrafawa da kansa, kuma inda akasarin mutane ke yin kuskure shi ne wajen jera matakan gyara, domin sukan fara da rage abinci, alhali kuwa shi ne ya kamata ya zo a ƙarshe.

Sunaye kaɗan ne za ka riƙe kafin mu shiga aiki. Girelin yana fitowa ne galibi daga tumbi, yana hawa kafin lokacin cin abinci, ya sauka bayan an ci, kuma shi ne ke sa ka ji ciki na kira. Leftin daga kitsen jiki yake fitowa, aikinsa shi ne sanar da ƙwaƙwalwa yawan abin da ke ajiye. PYY da GLP-1 hanji ne ke sakinsu idan abinci ya iso gare shi, su ne masu kawo ƙoshi. Oreksin kuwa a cikin ƙwaƙwalwa yake, yana riƙe mutum a farke, kuma yunwa na zaburar da shi. Saƙonnin duka suna haɗuwa a wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa mai suna hifotalamus, inda agogon barcin jiki ma yake, shi ya sa ba a taɓa ɗaya ba tare da an girgiza ɗayan ba.

Kayan aiki da abin da za a kashe

Abin da ake buƙata shi ne ƙaramin littafin rubutu da biro, da agogo mai ƙararrawa, da kwano ko faranti guda wanda za ka riƙa ci a cikinsa domin idonka ya saba da ma'auni ɗaya. Sikelin awon nauyi yana da amfani amma ba dole ba ne. Matakai bakwai na farko ba sa cin kuɗi sai ɗan ƙarin da za a yi wa cefane wajen sayen abinci mai gina jiki, kuma sau da yawa kuɗin da ake ragewa daga lemon kwalba da ciye-ciye yana rufe wannan giɓi. Kada ka ɓata kuɗinka wajen neman gwajin girelin ko leftin a jini. Gwaje-gwaje ne na masu bincike, adadinsu yana hawa yana sauka cikin yini guda, kuma sakamakon ba zai sauya ko ɗaya daga cikin matakan da ke tafe ba.

Mataki na 1: Rubutun mako guda

Kwana bakwai na farko kada ka sauya komai, ka dai rubuta. Kowace rana ka rubuta lokacin da ka kwanta, da lokacin da ka tashi, da sau nawa ka farka cikin dare. Ka rubuta lokacin kowane abu da ya shiga bakinka, har da shayi da kofi da lemo, tare da maki daga 1 zuwa 10 na ƙarfin yunwarka kafin ka ci. Sau uku a rana, da hantsi da la'asar da dare, ka rubuta kalma ɗaya kan yanayin ranka: natsuwa, ƙunci, fushi, kasala ko damuwa. A ƙarshen mako ka ɗora ranakun kusa da juna ka duba abu biyu: me ya faru da cinka washegarin daren da ka yi gajeren barci, kuma awa nawa ke tsakanin abincinka na ƙarshe da lokutan da ranka ya ɓaci.

Gargaɗi: kada ka bari sai dare ka cike shafin daga abin da ka tuna. Mutum yakan tuna manyan abinci ya manta da ƙananan abubuwan da ya jefa baki yana tafe, kuma su ne ainihin abin da ake nema.

Mataki na 2: Gyara barci kafin a taɓa kwano

Wannan shi ne matakin da sauran duka ke tsaye a kansa, saboda haka zan tsaya a kansa fiye da saura. A shekarar 2004 masu bincike a Jami'ar Shikago ta Amurka suka taƙaita barcin samari 12 zuwa awa 4 na dare biyu, suka kwatanta da dare biyu na awa 10 a gado. Bayan gajeren barcin, leftin ya ragu da kashi 18 cikin 100, girelin ya ƙaru da kashi 28, yunwar da suke ji ta ƙaru da kashi 24, kuma kwaɗayinsu ya fi karkata ga kayan zaƙi da na gishiri da na sitaci. A wannan shekarar kuma wani bincike kan mutum 1,024 a jihar Wisconsin ya samu cewa masu barcin awa 5 suna da ƙarancin leftin da ƙarin girelin na kusan kashi 15 cikin 100 idan aka kwatanta su da masu barcin awa 8. Ba kowane bincike da ya biyo baya ne ya samu sauyin sinadaran daidai da haka ba, amma abu ɗaya ya yi ta maimaituwa: wanda bai yi isasshen barci ba yana cin fiye da buƙatarsa washegari, sau da yawa da kalori 300 ko sama, kalori kuwa shi ne ma'aunin kuzarin da ke cikin abinci.

Abin da ya fi ƙarfafa gwiwa shi ne gyaran yana aiki. A 2022 an ɗauki manya 80 masu ƙiba waɗanda ke barci ƙasa da awa 6 da rabi, aka ba rabinsu shawarwarin tsawaita barci kawai, ba a ce musu komai game da abinci ba. Sun ƙara kimanin awa guda da 'yan mintoci, kuma cinsu ya ragu da kusan kalori 270 a rana.

Ga yadda za ka bi. Da farko ka tsayar da lokacin tashi guda wanda za ka iya riƙewa kwana bakwai a mako, har ranakun hutu. Daga nan ka ƙirga baya awa 7 da rabi zuwa 8, ka samu lokacin kwanciya, domin babban mutum yana buƙatar aƙalla awa 7 na ainihin barci. Idan lokacin da ka samu ya yi nisa da wanda ka saba, kada ka yi tsalle zuwa gare shi dare ɗaya, sai dai ka riƙa matso da kwanciyarka da minti 15 zuwa 20 kowane kwana biyu ko uku. Da safe, cikin awa ta farko bayan tashi, ka fita ka samu hasken rana ko da na minti 15 ne, saboda haske shi ne babban abin da ke saita agogon jiki. Awa guda kafin kwanciya ka rage fitilu, ka ajiye waya nesa da gado.

Sai batun kafeyin, sinadarin da ke cikin kofi da shayi da lemon kola da abubuwan sha masu ƙara kuzari. Jiki yana ɗaukar kimanin awa 5 kafin ya fitar da rabinsa, kuma an gwada an ga cewa miligiram 400 da aka sha awa 6 kafin kwanciya ya rage barci da fiye da awa guda. Abin da na fi ba da shawara shi ne ka rufe shan kafeyin awa 8 kafin lokacin kwanciyarka.

Gargaɗi: biyan bashin barci a ƙarshen mako ta hanyar kwanciya har rana ta take yana rage gajiya, amma yana jirkita agogon jiki, sai daren farkon mako ya gagare ka. Idan gyangyaɗi ya dame ka, barcin rana na minti 20 zuwa 30 kafin la'asar ya fi. Kada kuma ka sayi maganin barci da kanka, domin wasunsu suna sa jiki ya dogara da su, wasu kuma suna buɗe ciki.

Ka ba wannan mataki mako biyu shi kaɗai kafin ka wuce gaba.

Mataki na 3: Tsayar da lokutan cin abinci

Girelin yana koyon al'adar mai shi. Wanda ya saba cin abincin rana ƙarfe ɗaya, sinadarin zai fara hawa kafin ƙarfe ɗaya, ko da ya ci wani abu da hantsi. An kuma lura da masu kame baki na yini guda cewa girelin yana hawa a lokutan da suka saba ci, sannan ya sauka da kansa bayan kamar awa biyu ba tare da an ci komai ba. Wato yunwa zuwa take yi ta wuce, ba hawa take ta yi babu iyaka ba, kuma mai ci a kowane lokaci yana koya wa cikinsa yin kira a kowane lokaci.

Ka duba littafinka ka zaɓi lokuta uku, ko biyu da ɗan ƙaramin ci a tsakani idan haka ya fi dacewa da aikinka, da tazarar awa 4 zuwa 5 tsakaninsu. Ka riƙe su da sassaucin da bai wuce rabin awa zuwa awa guda ba. Ka kuma karkata mafi yawan abincinka zuwa farkon yini. A 2022 an gwada mutum 16 a wani asibitin koyarwa da ke Boston, aka ba su abinci iri ɗaya, adadi ɗaya, amma a wani zagayen aka jinkirta shi da awa 4. Jinkirin kaɗai ya ninka yiwuwar jin yunwa da rana, ya rage leftin, ya kuma rage kuzarin da jiki ke ƙonawa.

A kwanakin farko ciki zai yi kira a tsofaffin lokutansa. Ka sha ruwa, ka jira minti 20, ka kama wani aiki. Idan yunwar ta kai maki 8 ko 9 ba ta lafa ba, ka ci ɗan abu mai gina jiki, gobe ka ƙara yawan abincin da ya gabace ta.

Gargaɗi: mai ciwon suga da ke amfani da allurar insulin ko ƙwayoyi irin su glibenclamide kada ya sauya lokutan cinsa sai da sanin likitansa. Karkarwa, gumi mai sanyi, jiri da ruɗewa alamun faɗuwar suga ne, kuma idan awo ya nuna ƙasa da 70 a ma'aunin mg/dL, abin da ake yi shi ne shan abu mai zaƙi nan take, ba jira ba. Mai juna biyu da mai shayarwa da yara ma wannan jira na minti 20 bai shafe su ba.

Mataki na 4: Abin da ke cikin kwano

Sai yanzu muka iso ga abincin kansa, kuma a nan ma da ƙari za a fara, ba da ragi ba. Furotin, wato abinci mai gina jiki, ya fi kowane nau'i danne girelin na tsawon lokaci da tayar da PYY da GLP-1. Ka nemi giram 25 zuwa 30 a kowane babban ci. Domin ka samu ma'auni, ƙwai ɗaya yana da kamar giram 6, kofin madara giram 8, kofin dafaffen wake giram 15, yankan kifi ko nama mai faɗin tafin hannu kuwa giram 20 zuwa 25. Karin kumallo ne ya fi fama da ƙarancin furotin a wurin yawancin mutane, kuma gyara shi kaɗai yakan rage ciye-ciyen la'asar.

Na biyu shi ne harza, wadda ake samu a ganyaye da kayan lambu da 'ya'yan itatuwa da wake da hatsin da ba a cire dusarsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla giram 25 a rana ga babba. Harza tana jinkirta fitar abinci daga tumbi, kuma ƙwayoyin halittar da ke cikin babban hanji suna sarrafa ta zuwa wasu sinadarai masu ƙara sakin PYY da GLP-1.

Na uku shi ne rage abincin masana'anta da aka sarrafa ƙwarai, irin su biskit da alewa da soyayyun kayan leda da lemon kwalba. A 2019 cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta ajiye mutum 20 tsawon wata guda, mako biyu a kan irin wannan abinci, mako biyu a kan abincin da ba a sarrafa ba, aka bar kowa ya ci yadda yake so. A kan abincin masana'anta sun ci ƙarin kalori kusan 500 kowace rana, suka ƙara kusan kilo guda, a kan ɗaya abincin kuwa PYY ya hau, girelin ya sauka, nauyin ya zube. Abin sha mai zaƙi ya fi kowanne yaudara, domin yana wucewa da sauri ba tare da ya bar ƙoshin da ya kai kalorinsa ba.

Gargaɗi: ka ƙara harza sannu a hankali cikin mako biyu tare da ƙarin ruwa, in ba haka ba kumburin ciki da iska za su sa ka watsar da shirin. Mai ciwon ƙoda kuma kada ya ƙara furotin sai likita ya faɗa masa iyakarsa.

Mataki na 5: Yadda ake ci

Saƙon ƙoshi daga hanji ba ya isa ƙwaƙwalwa nan take, yakan ɗauki minti 15 zuwa 20, mai gaggawa kuwa ya riga ya cinye ya ƙara kafin saƙon ya iso. Ka zuba abincinka sau ɗaya a kwanon da ka ware, ka zauna, ka tauna sosai, ka ja cin ya kai minti 20. Idan ka gama kana son ƙari, ka jira minti 10 tukuna.

Akwai wani ɓangare da ba a cika ambatonsa ba, wato tunawa da abin da aka ci tana cikin abubuwan da ke kawo ƙoshi. A 1998 an ba da rahoton wasu majinyata biyu da sashen ajiyar tunani na ƙwaƙwalwarsu ya lalace har ba sa iya riƙe abin da ya faru mintoci kaɗan da suka wuce. Aka ba su abincin rana suka ci, bayan minti 10 zuwa 30 aka sake kawo wani suka ci, har na uku sukan fara. Cikinsu a cike yake, amma da yake ƙwaƙwalwa ba ta rubuta cewa an ci ba, ba su ƙi ba. Mai lafiya da ke ci idonsa na kan waya ko talabijin yana jawo wa kansa ɗan guntun wannan matsala, kuma gwaje-gwaje sun nuna cewa irin wannan mai ci yakan ƙara ciye-ciye daga baya. Saboda haka ka kashe allo har ka gama.

Mataki na 6: Abincin dare da yunwar tsakar dare

A jikin mai barci lafiyayye leftin yana kai ƙololuwarsa cikin dare, girelin kuma ya ɗan hau a farkon dare sannan ya sauka kafin asuba duk da ba a ci komai ba, shi ya sa mutum ke iya awa 8 ba tare da yunwa ta tashe shi ba. Abu biyu ke ɓata wannan tsari, kuma kishiyoyin juna ne. Kwanciya da ciki fam yana kawo ƙwannafi da yawan juyi, kwanciya da matsananciyar yunwa kuma tana zaburar da oreksin, wanda aikinsa shi ne ya riƙe mai yunwa a farke domin ya nemi abinci.

Ka gama abincin dare awa 2 zuwa 3 kafin kwanciya, ya kasance matsakaici, mai furotin da kayan lambu, ba mai maiƙo da yaji sosai ba. Idan lokacin kwanciya ya zo kana jin yunwar da za ta hana ka barci, ka ci ɗan abu kaɗan, kamar kofin madara ko ƙwai ɗaya ko ayaba da 'yar gyaɗa. Idan ka farka tsakar dare, ka sha ruwa ka koma, kada ka kunna fitila mai haske ko ka ɗauki waya. Wanda ya mayar da ci ƙarfe biyu al'ada, girelin zai koyi tashinsa ƙarfe biyu. A mafi yawan lokuta maganin yunwar dare yana cikin yini ne, domin idan ka duba littafinka za ka tarar ranakun da ta tashe ka su ne ranakun da ka tsallake karin kumallo ko ka yi wa abincin rana riƙon sakainar kashi.

Masu aikin dare su yi babban cinsu kafin su fara aiki, su taƙaita da ɗan abu mara nauyi tsakanin sha biyun dare da asuba, sannan su ci kaɗan kafin barcin safe domin kada yunwa ta katse shi.

Gargaɗi: giya tana sa barci ya zo da wuri amma tana yayyanka shi a rabin dare na biyu, kuma tana buɗe ciki.

Mataki na 7: Tsara karatu da kula da fushi

Game da karatu, an samu a 2006 a Jami'ar Yale cewa girelin yana shiga hifokamfus, sashen ƙwaƙwalwa mai ajiye sabon ilimi, yana ƙara mahaɗan jijiyoyi a can, kuma ɓerayen da aka yi gwajin da su sun fi saurin koyon hanya. Wasu sun ɗauki wannan suka mayar da shi hujjar karatu da yunwa, amma a ganina an wuce gona da iri, domin gwajin ɓeraye ne, kuma yunwa mai tsanani tana janye hankali gaba ɗaya zuwa ga abinci. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Abin da ya dace shi ne ka sanya aikin da ya fi buƙatar tunani awa ɗaya da rabi zuwa uku bayan matsakaicin ci, lokacin da nauyin abinci ya sauka, yunwa kuma ba ta wuce maki 4 ko 5 ba. Barci ya fi duk wannan tasiri, domin a wani gwaji na 2007 waɗanda suka kwana ba barci sun gaza wajen riƙe sabbin abubuwa idan aka kwatanta su da waɗanda suka yi barci, kuma hoton ƙwaƙwalwarsu ya nuna raunin aikin hifokamfus. Ɗalibin da ya raba dare yana karatu da kofi da biskit ya haɗa wa kansa asara biyu.

Game da fushi, idan suga ya yi ƙasa jiki yana sakin adirenalin da kotizol domin ya ɗago shi, waɗannan kuwa su ne sinadaran da ke tashi lokacin faɗa ko tsoro. A 2022 an bi mutum 64 tsawon kwana 21, suna rubuta yunwarsu da yanayin ransu sau biyar a rana, aka samu cewa ƙaruwar yunwa na tafiya da ƙaruwar fushi da ƙunci da raguwar jin daɗi. Dabarar a aikace mai sauƙi ce. Ka duba littafinka ka gano sa'ar da ranka ya fi ɓaci, ka sanya ci kafin ta, kuma kada ka shiga magana mai nauyi ko yanke hukunci awa 5 bayan cinka na ƙarshe. Idan ka ji ranka na tafasa, ka tambayi kanka yaushe rabonka da abinci da kuma awa nawa ka yi barci jiya, domin gane cewa yunwa ce yana rage kaifin fushin.

Akwai kuma ci na damuwa, wanda ake bambanta shi da yunwar gaske ta hanyar cewa yana zuwa farat ɗaya, yana neman wani abu takamaimai mai zaƙi ko maiƙo, kuma ba ya lafawa ko an ƙoshi. Tafiyar minti 10 zuwa 15 da sauri tana taimakawa a nan. Motsa jiki mai ɗan ƙarfi yana danne girelin na ɗan lokaci, yana kyautata barci, kuma minti 150 a mako shi ne mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar ga manya.

Mataki na 8: Rage nauyi, ga mai buƙata

Sai bayan mako shida zuwa takwas a kan matakan baya ne ya dace a yi maganar rage yawan abinci, kuma da yawa za su tarar nauyin ya fara sauka da kansa. Dalilin jinkirin shi ne jiki yana ɗaukar ramewa a matsayin lokacin fari da yunwa. A 2011 a birnin Melbourne na Ostireliya aka sa mutum 50 a kan abinci mai ƙarancin kalori ƙwarai na mako 10, suka zubar da kimanin kilo 13 da rabi. Shekara guda bayan haka girelin ɗinsu yana nan sama da yadda yake tun farko, leftin yana ƙasa, yunwa kuma ta fi ta da. Wanda ya rame ya sake ƙiba, sau da yawa ba raunin zuciya ne ya kayar da shi ba, jikinsa ne ya yi ta ja da baya.

Saboda haka ka rage kaɗan, kamar kalori 300 zuwa 500 a rana, ka cire daga abin sha mai zaƙi da mai da sitaci, ka bar furotin da kayan lambu yadda suke. Rabin kilo a mako ya isa. Ka auna nauyi sau ɗaya a mako, da safe, a sikeli ɗaya. Idan barcinka ya fara lalacewa, ko tunanin abinci ya hana ka aiki, ko ka zama mai saurin hasala, ragin ya yi yawa, sai ka mayar da wani abu.

Gargaɗi: magungunan da ake tallatawa da sunan gyara leftin ko kashe girelin asarar kuɗi ne. Mai ƙiba yana da leftin da yawa a jininsa, ƙwaƙwalwa ce ba ta amsa saƙonsa yadda ya kamata, kuma leftin sinadari ne da ciki ke narkarwa idan an haɗiye shi. Allurar semaglutide, mai kwaikwayon GLP-1, wadda ake sayarwa da sunan Ozempic da Wegovy, tana aiki da gaske, amma tana da tsada, tana iya kawo tashin zuciya da amai, akwai jabunta a kasuwa, kuma yawancin nauyin yana dawowa idan an daina. Likita ne kaɗai zai rubuta ta ya kuma bibiye ta. Haka ma masu neman ƙiba da ke shan cyproheptadine ko dexamethasone da kansu, na farko yana kawo gyangyaɗi da dushewar tunani, na biyu yana iya jawo ciwon suga da hawan jini da raunin ƙashi.

Mataki na 9: Lokacin zuwa asibiti

Wasu alamu ba sa jiran a gama matakai. Yawan yunwa tare da ƙishirwa da yawan fitsari da ramewa yana nuni ga ciwon suga. Yawan ci tare da ramewa da bugun zuciya da zufa da rashin barci yana iya zama yawan aikin tayirod, ƙullin da ke gaban wuya. Minshari mai ƙarfi da ɗaukewar numfashi cikin barci, da tashi a gajiye duk da awa 8 a gado, alamar toshewar numfashi ce, kuma babu tsarin abincin da zai yi aiki sosai kafin a magance ta. Ƙuncin rai ko rashin jin daɗin komai na fiye da mako biyu, tare da sauyin ci ko barci, yana buƙatar likita, tunanin cutar da kai kuwa yana buƙatarsa a ranar. Haka nan cin abinci mai yawa a zama ɗaya ba tare da iya tsayawa ba, ko tilasta wa kai amai bayan ci, ko tsoron abinci har a rame, ko mantuwar da ke ƙaruwa har ta shafi ayyukan yau da kullum.

Ka tafi da littafinka da kwalayen duk magungunan da kake sha, domin wasunsu, irin su prednisolone da olanzapine da mirtazapine, suna ƙara yunwa ƙwarai, kuma likita na iya sauya su ko ya daidaita adadinsu. Kada ka dakatar da ko ɗaya da kanka, musamman prednisolone, wanda yanke shi farat ɗaya bayan an daɗe ana sha yana da haɗari. Gwaje-gwajen da aka fi farawa da su su ne na suga da na tayirod da na yawan jini, kuma duka sun fi gwajin sinadaran yunwa sauƙin kuɗi da amfani. Idan za a auna suga na safe, ka kame baki daga komai sai ruwa na aƙalla awa 8 kafin a ɗebi jinin, gwajin HbA1c kuwa, wanda ke nuna matsakaicin sugan jini na 'yan watannin baya, ba ya buƙatar haka, ana iya yinsa a kowane lokaci na yini.